Yadda Na Raba Gari Da Suga

Ranar da na kai wa tela kayan lefena ta buɗa min, ta dube ni ta ce, "Amarya, ai babu sauran yadi a ciki," wallahi sai da na yi ƙwalla. Wata takwas kacal da biki! Ga Hajiyarmu tana fama da ciwon suga, tsoro ya kama ni.

Laifina ne. Kullum ina duƙe ina rubutun littafi, lemon kwalba da cincin a gefe, abincin dare kuwa sai maigida ya sayo. Ashe ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 9, alhali tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gara mutum kada ya wuce cokali 6 a yini.

Na koma madafa: faten wake, kwaɗon zogale, tuwon dawa malmala ɗaya. Zoɓona citta da kanumfari ne kawai. Shayi ne ya ba ni wuya, satin farko kamar magani nake sha, maigida yana ta yi min dariya.

Jiya rigar kamuna ta shiga, sai dai zif ɗin bai ƙarasa rufewa ba.