Kwaltar Haraba Ta Lalace: A Ɗora Sabuwa Ko A Tone Daga Tushe?

Kwaltar da ake shimfiɗawa a harabar gida, ko makaranta, ko gidan mai, ko ɗan layin da ya taso daga babban titi zuwa bakin get, takan yi shekara 15 zuwa 20 idan an yi aikin yadda ya kamata. Idan ta gaji, hanya biyu ce a gaban mai ita. Ko dai a ɗora sabon shimfiɗi mai kaurin santimita 4 zuwa 5 a kan tsohuwar, ko kuma a farfasa ta a kwashe, a gyara abin da ke ƙasa, a sake aiki daga tushe. Ta farko ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, balle yanzu da yawancin ruwan kwaltar da ake aiki da shi a Najeriya daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Shi ya sa kusan kowa can yake karkata tun kafin a duba wurin.

Baƙin shimfiɗin da ido ke gani a sama cakuda ne na tsakuwa da yashi da ruwan kwalta, kuma ruwan kwaltar kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na nauyin cakudar. Burji da jar ƙasar da aka daɓe a ƙarƙashi su ne ke ɗaukar yawancin nauyin mota. Babban aikin na saman shi ne ya hana ruwa isa gare su. Don haka tambayar farko ita ce: lalacewar a sama ta tsaya, ko ta kai ƙasa?

Idan kwalta ta koɗe ta yi fari-fari, tsakuwarta tana ɗan ɓantarewa, ga tsaga ɗai-ɗai nan da can, amma wurin yana nan a miƙe babu lotsawa, to tsufa ne kawai da dukan rana. Irin wannan ita ake ɗora wa sabuwa. A share ta tas, a cike tsagogin, a yanke wuraren da suka ruɓe a yi musu faci, a fesa siririn ruwan kwalta da zai manne sabuwar da tsohuwar, sannan a shimfiɗa. Aikin da aka yi haka yakan ƙara wa wurin kimanin shekara 10.

Akwai kuma alamun da ke cewa ƙasan ya mutu. Kwaltar takan dare ƙanana-ƙanana a haɗe kamar fatar kada. Inda taya ke bi ya lotsa ya zama kwari. Ramin da aka cike bara ya dawo bana a gurbinsa. Bayan ruwan sama, idan mota ta taka, jan ruwa mai taɓo ya riƙa bulbulowa ta cikin tsagogin. Masu aikin hanya kan ce idan irin wannan ɓarna ta kama kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na wurin, tonewa ta fi faci riba.

A nan ne sakaci ya yi katutu. Biki ya matso, ko salla, ko za a yi manyan baƙi a makaranta, sai a kira ɗan kwangila a ce a rufe wurin kafin ranar. Shi kuwa ba zai ƙi kuɗi ba. Ya kawo tifa biyu ko uku, a baje a kan fatar kadan nan, rola ta bi ta kai, a wayi gari haraba baƙa wuluk tana sheƙi, kowa na sam barka. Babu wanda ya haƙa ko taƙi ɗaya ya ga abin da ke ƙasa, babu wanda ya tambayi ina ruwa ke bi. Damina na kankama, kafin Agusta ya fita, tsofaffin tsagogin sun huda sabon shimfiɗin sun fito a inda suke da. Ƙasan da ke motsi bai daina motsi ba don an lulluɓe shi. An biya kuɗin ɗorawa, ga kuɗin tonewa yana jira, kuma yanzu abin da za a kwashe ya ƙaru. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wani abin takaicin shi ne tudun da ake ƙarawa ba lissafi. Santimita 5 ba ta da yawa a baki, amma ta isa ta sa get ya riƙa gurzar ƙasa, ta kuma sa haraba ta fi dokin ƙofa tudu, ruwan da da yake fita waje ya juyo cikin gareji ko zaure.

Ruwa dai shi ne babban mai kashe kwalta, kuma mafi yawansa ganganci ne ke kawo shi. Kwata ta cika da leda da yashi shekara guda ba a yashe ba. Tankin sama yana ambaliya kullum a gefe ɗaya. Indararo yana zuba kai tsaye a bakin kwaltar. Ana wanke mota kowace safiya a gurbi ɗaya, ruwan ya kwanta har azahar. Duk wanda ya bar waɗannan yadda suke ya je ya sayo sabuwar kwalta, ɓarnar kuɗi kawai ya yi, ko ɗorawa ya zaɓa ko tonewa. Shimfiɗi yana buƙatar gangare na kimanin santimita 2 a kowace mita ɗaya, ya nufi kwata, kwatar kuma ta zama tana da mafita. Man gas da fetur ma suna narkar da ruwan kwalta, saboda haka gindin janareta da wurin ajiye jarkoki siminti ya dace da su.

Gane gaskiyar wuri ba ya cin kuɗi sosai. Bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, a fita a zagaye duk inda ya kwanta da alli ko fenti. A sa tifa mai lodi ta bi a hankali, mutum ya tsaya gefe ya zuba wa tayar ido. Idan ƙasa tana lotsawa tana dawowa, tushe ya jiƙe. Sannan a haƙa rami biyu ko uku masu zurfin kusan rabin mita a inda ya fi lalacewa, a ga ko akwai burji da gaske, ko kuwa tun asali a kan turɓaya aka malala kwaltar. A sassan Borno da Gombe da Adamawa masu baƙar laka, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, sai an kwashe lakar an cike da jar ƙasa kafin a yi zancen kwalta.

A kuma yi la'akari da motocin da ke shiga. Gwajin hanya da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya takan ninka kusan sau 16. Harabar da tankar ruwa ko tifar yashi ke shiga kowane mako tana buƙatar tushe mai kauri fiye da ta ƙananan motoci.

Ko ɗorawa aka zaɓa ko tonewa, da rani ake yin aikin, a kan busasshiyar ƙasa. Cakudar tana barin inji da zafin kusan digiri 150, kuma dole a daɓe ta kafin ta huce, don haka wadda ta daɗe a tifa ta sandare a mayar da ita. A rubuta kaurin da aka yi ciniki a takarda, a kuma bayyana cewa bayan daɓe za a auna shi. Ɗan kwangilar da ya yanka farashi bai haƙa rami ba, bai kuma leƙa kwata ba, kada a ba shi aikin.