Radiyon Ƙauyen Sutatenza: Tashar da Ta Zama Makarantar Manoma

Sutatenza ƙaramin ƙauye ne cikin duwatsun ƙasar Kolombiya, a Amurka ta Kudu. Mutanensa manoma ne. A da, mafi yawansu ba su iya karatu da rubutu ba.

A shekara ta 1947 aka turo wani matashin limamin Kirista ƙauyen, sunansa José Joaquín Salcedo. Ya kafa wata ƴar na'urar radiyo wadda muryarta ba ta zuwa nesa. Akwatunan saurare kaɗan ne ƙwarai, masu aiki da pil. Da farko kiɗan manoman wurin aka sa. Mutane suka ji muryoyin ƴan uwansu na fitowa daga akwati, suka yi ta mamaki.

Da Salcedo ya ga jama'a na taruwa, sai ya sake tsari. Tasha ta zama makaranta. Manoma su taru gida ɗaya gaban radiyo. Malami na magana daga tasha. Wani ɗan ƙauyen da ya ɗan iya karatu ya tsaya gaban allo, yana rubuta abin da malami ya faɗa, yana duba aikin kowa. Ana koyar da abu biyar: karatu, lissafi, kiwon lafiya, aikin gona da tattali, da addini. Kowane da littafinsa.

Aiki ya yi albarka. Gwamnati da UNESCO suka taimaka. Aka sayo manyan na'urori, aka buɗe ofis a Bogota, babban birnin ƙasa. Murya ta kai kusan ko'ina cikin Kolombiya. Bayan darussa aka ƙara labaru, da kiɗa, da amsa wasiƙun masu saurare.

Amma wanda ya koyi karatu, in ba ya da abin karantawa, mantuwa yake yi. Don haka a 1958 suka soma buga jaridar mako mai suna El Campesino, wato Manomi. Suka buga ƙananan littattafai kuma. Wanda ba ya da kuɗi ya kawo ƙwai ɗaya, a ba shi littafi ɗaya.

Daga baya wahala ta zo. Tashar ta yi shirye-shirye kan tsarin iyali, wasu manyan limamai ba su ji daɗi ba. Taimakon kuɗi ya ragu. Tashoshin ƴan kasuwa da talabijin suka janye masu saurare. A 1989 darussa suka tsaya, aka sayar da tashar ga kamfanin Caracol. Salcedo ya rasu a 1994.

Wasiƙun da manoma suka rubuta da hannunsu suna nan ajiye a wani babban ɗakin littattafai a Bogota. Tashar da ta dogara ga kuɗin wasu tana iya rufewa. Karatun da manomi ya koya kuwa, nasa ne, ba mai sayar da shi.