Ƙarar Ƙafar Mota: Yadda Ake Gane Ciwon Gaɓoɓinta

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe zuwa Gusau, ta zarce Bungudu ta nufi Sakkwato, ya san cewa da wuya motar haya ta yi tafiya shiru. Fasinjoji kan ɗauki ƙararrakin a matsayin tsufan mota kawai. Amma a wurin gwanin bakanike kowace ƙara tana da ma'ana, kamar yadda tari yake da ma'ana a wurin likita.

Abin da kanikawa ke kira ƙafar mota shi ne tarin sassan da suka haɗa taya da gangar jikin motar. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Robert Hooke, mutumin Ingila, shi ya bayyana ƙa'idarsa a 1678, wato gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon lotsawarsa. Ɗaliban ilmin halittu sun san wannan malami, domin shi ne a 1665 ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakunan da muke kira ƙwayoyin halitta. Sai dai lotsawa tana da iyaka: motar da aka labta wa buhunan masara fiye da kima sifirinta ya riga ya danne, ba sauran abin da zai tare rami.

Sifirin shi kaɗai zai bar mota ta yi ta tsalle. Saboda haka aka haɗa shi da shokazoba, wani bututu mai ɗauke da mai, wanda ake matsa man cikinsa ta ƙananan huduji. Wannan matsi ne ke mayar da ƙarfin girgiza ya zama zafi, shi ya sa shokazoba mai lafiya kan yi ɗumi bayan an bi hanya mai gargada.

Sashen da ya fi jan hankalina shi ne gaɓar da ake kira boljoyin, domin kamanninta da gaɓar kwatangwalon mutum ba kaɗan ba ne. A jikinmu, dunƙulallen kan ƙashin cinya yana juyawa cikin kwarminsa, guringuntsi ya lulluɓe shi, wani ruwa mai yauƙi yana sa masa santsi, sannan tantani ya rufe gaɓar. A mota kuwa ƙwallon ƙarfe ne cikin kwarmi, da giris, da murfin roba. Bambancin shi ne jiki yana sabunta ruwan gaɓarsa, mota ba ta iyawa. Da zarar robar ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina sai su shiga, giris ya gauraya da yashi, ya koma cin ƙarfen da aka sa shi ya kare. Daga nan rata take samuwa tsakanin ƙwallon da kwarminsa, kuma bugawar ƙarfe cikin wannan rata ita ce ƙarar da ake ji.

To, yaya ake rarrabewa? A lura da lokacin da ƙarar take zuwa. In ana jin ƙwanƙwasa yayin da taya ta faɗa rami, a zargi boljoyin ko bushin, wato robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Bushin da ya bushe kuma yakan yi kuka kamar tsohuwar ƙofa. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana sauyawa a kwana, yawanci daga boris ɗin taya yake.

Bayan saurare sai gwaji. A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. In ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, ko aka ga mai yana tsatstsafowa a jikin shokazoba, to ta mutu. Sannan a ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, boljoyin ne ko boris. In kuwa wasan na hagu da dama ne, a duba tayarod, sandar da ke isar da juyin sitiyari ga taya. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar shokazoba a matsayin kayan jin daɗin zama. Abin da kowace taya ke taɓawa na kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma ta nan birki da sitiyari suke aiki. In shokazoba ta mutu taya kan riƙa tsalle, birki kuwa ba ya kama iska, don haka nisan tsayawa yakan ƙaru. Boljoyin da aka bari ya ci sosai yana iya ficewa daga kwarminsa ana cikin gudu, taya ta karye gefe guda, sitiyari ya daina jin hannun direba.