Kamiyo a Ƙofar Gida: Baƙin da Maraɗi ba ta yi wa Zango ba

Duk wanda ya ratsa titunan da ke kusa da sito-siton ƴan kasuwa a Maraɗi bayan sallar isha'i ya san hoton. Kamiyo ce doguwa a fake jikin katangar wani gida, direba ya kishingiɗa a kujerar gaba, yaran mota sun shimfiɗa tabarma tsakanin tayoyi, an ɗaura gidan sauro a ƙarfen bodi, ga butar shayi a kan garwashi. Wata ta kwana ɗaya ta wuce, wata kuma sai ta yi mako tana jiran lodi ko takardun duwan.

Masu gida suna ƙorafi, kuma ƙorafinsu ba na ƙyashi ba ne. Na farko dai bayan gida: mutum uku ko huɗu da suka tare a titi dole su zaga, in ba su samu bayin masallacin unguwa ba, to bayan katangar wani ce za ta sha. Sai tayar da inji da asuba, hayaƙin gazuwal ya cika ɗakin da yara ke barci. Sai lungun da ya ƙuntace har amalanke ba ta iya wucewa, da magudanar ruwa da nauyin mota ya rufta, ba a gane ɓarnar sai damina ta sauka. Matan gida kuwa nasu ya fi sauƙin faɗa: ba sa son fita su tarar da maza baƙi zaune a bakin zaure. In tankar mai ce, tsoron daban yake, domin ba a manta da wadda ta kama da wuta kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda mutum fiye da 50 suka rasu.

Amma maganar da ta fi yawa a bakin dattawan unguwa ita ce, "Ba mu san su ba." Tun da ƴan bindiga suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, baƙuwar fuska da dare ta daina zama ƙaramin abu.

Me ya hana direban neman ɗaki? Ya fi kowa son katifa. Sai dai kayan da ke bayansa amana ce ta wani Alhaji, in buhu ya ɓace shi za a tuhuma, haka batir da man tanki. Kuɗin hanyar da aka ba shi an lissafa mai da abinci da shingayen jami'ai, ba a lissafa masauki ba. Yaron mota kuwa, wanda sau da yawa koyon tuƙin ne ladansa, ba shi da zaɓi ko kaɗan.

Maraɗi gari ne da mota ta gina. Yana gefen babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni ta nufi Damagaram, kuma daga nan hanya mai lamba 9 ta gangara Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, tafiyar kilomita kusan 50 zuwa iyaka. Gyaɗa ce ta fara azurta garin, daga baya fiton kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ana tura su Najeriya ya karɓe ta. Masanin nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kan Alhazan Maraɗi a 1986. Yau ga wake, ga aya, ga dabbobi. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum sama da 260,000, unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho sun miƙe, sito-sito sun shige tsakiyar gidajen kwana, mota kuma inda sito yake nan take zuwa.

Rufe iyaka ne ke mayar da jiran kwana biyu ya zama zama. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake toshe hanyar har watan Maris na 2024. Gadar Gaya zuwa Malanbil kuwa, wadda kayan Kwatano ke bi, ta ci gaba da zama a rufe, aka karkata kaya ta Lome da Burkina Faso, inda motoci ke jiran rakiyar soja kafin su taso a ayari. Ayari in ya iso, tare yake isowa.

A Amurka ma ana wannan rigima, ko da yake tushenta daban: can tsadar haya ce ta kori mutane zuwa cikin motocinsu. Birnin Los Angeles ya yi dokar hana zama a mota, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta a 2014. Garin Santa Barbara kuwa tun 2004 ya ɗauki wata hanya, ana buɗe wa masu kwana a mota filayen ajiye motoci na majami'u da ofisoshi da dare, da sharaɗi da rajista. Ni a ganina ba sai mun je can aro ba, domin kakanninmu sun riga su.

Fataken da, masu jakuna da raƙuma, ba sa sauke kaya a ƙofar kowa. Akwai zango a gefen gari, da rijiya da wurin ɗaure dabbobi, akwai kuma fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in magana ta taso. Baƙon fatoma ba a cewa ba a san shi ba, don akwai wanda za a tambaya. Abin da ya faru shi ne dabbar ta koma mai tayoyi goma sha takwas, dillancin ya rage, masaukin ya ɓace. Alhajin da ya yi odar kaya ya ci ribar, maƙwabcin sitonsa ya kwashi wari da hayaƙi. Korar direba daga wannan lungu ba ta yin komai illa tura shi lungu na gaba.

To ina za a yi zangon? Nan Tibiri da Jiratawa suka shigo. Birnin ya cika filinsa, ya tokari gonakin maƙwabtansa. Tibirin Gobir tana kan hanyar motocin da ke fitowa daga yamma, Jiratawa tana kudu, wajen masu nufar iyaka. Fili mai katanga da famfo da bayi da masallaci da mai gadi, inda ake rubuta lambar mota da sunan direba, a ƙasar waɗannan garuruwa zai fi samuwa. Sai dai Jiratawa na da gonakin noman rani da ba za a so a taɓa ba, kuma babu manomin da zai saki gonar gado don a share wa mutanen birni ƙofar gida, sai in an biya shi da daraja, garinsa kuma ya samu kaso a kuɗin fakin. Tun da aka rusa majalisun gundumomi a Afrilun 2024, kantomomi ne za su zauna a kan wannan, tare da sarakuna da ƙungiyoyin direbobi da ƴan kasuwar da motocin ke yi wa aiki.

Masu cewa a jira jirgin ƙasa, layin Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, su tuna cewa a Maraɗi layin zai tsaya. Duk buhun da ya sauke, kamiyo ce za ta kai shi Tawa ko Agadas, kuma direbanta sai ya kwana kafin a yi masa lodi.