Daga Tudun Johannisberg Zuwa Gonakin Inabi Na New York

A shekara ta 1951 wani mutum ɗan shekara 52 ya sauka a birnin New York tare da iyalinsa, ba ya jin Turanci, aikin da ya fara samu kuwa shi ne wanke kwanuka a gidan cin abinci. Sunansa Konstantin Frank, Bajamushe haifaffen birnin Odessa, wanda ke da digirin dakta a fannin noman inabi. Inabin da ya ɗaukaka sunansa daga baya, wato Riesling, tarihinsa a haɗe yake da wani tudu da ke kallon kogin Rhine a ƙasar Jamus.

A kan wannan tudu na Johannisberg, masu zuhudu na ɗarikar Benedict suka kafa mazauninsu wajen shekara ta 1100. A 1716 shugaban addini mai mulkin Fulda ya sayi wurin, a 1720 kuma aka dasa Riesling a gonakin. Ana ba da labarin cewa a 1775 manzon da ke kawo izinin girbi daga Fulda ya makara, har inabin ya fara ruɓewa a jikin kuringa. Aka matse shi haka nan cikin fid da rai, sai giyar ta fito da zaƙin da ba a saba ji ba, daga nan jinkirta girbi ya zama al'ada. A 1816 Sarki Francis na Ostiriya ya bai wa ministansa Metternich gandun kyauta, bisa sharaɗin ba da ushirin amfanin gona.

Wannan irin inabi ne masana a jihar New York suka haƙiƙance ba zai rayu a wurinsu ba. An daɗe ana gwada inabin Turai a gabashin Amurka yana mutuwa, ana ɗora wa sanyi laifi. Frank, wanda ya noma shi a cikin hunturun Yukren, ya ce ba haka ba ne: matsalar a saiwa take. Abin da ake bukata shi ne a ɗaura reshen Turai a kan gindi mai jure wa sanyi da ƙwarin ƙasa. Duk manomin da ya taɓa yi wa mangwaro aure ya san dabarar.

Ba a saurare shi da wuri ba. A tashar binciken aikin gona ta garin Geneva aikin lebura aka ba shi, sai a 1953 Charles Fournier, Bafaranshen da ke shugabantar kamfanin Gold Seal, ya ɗauke shi. Suka bi gonaki har lardin Quebec na Kanada suna neman gindi mai ƙwari, kuma kuringun da suka ɗaura suka tsallake hunturu mai tsanani. A nan tafkunan yankin Finger Lakes sun taimaka, domin ruwansu mai zurfi yana rage kaifin sanyi a gangaren da ke kewaye da su, kamar yadda kogin Rhine ke yi wa Johannisberg.

A 1962 Frank ya kafa kamfaninsa a bakin tafkin Keuka, yana da shekara 63. Ya rasu a 1985, zuriyarsa suka ci gaba da aikin, Riesling kuma ya zama inabin da aka fi sanin yankin da shi.

Shekaru da dama masu giya a Amurka suna rubuta "Johannisberg Riesling" a jikin kwalabensu, ko da yake inabin bai taɓa ganin kogin Rhine ba. Hukumomin Amurka sun hana amfani da sunan tun daga farkon 2006.