Dafin da giya ke zama cikin hanta

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, in kaka ta yi kuɗi na shiga hannu. Lokacin ne wasu samarin Tibiri da Jiratawa ke kawo amfanin gona kasuwar Maradi, kuɗin su ƙare a gidan giya. Ran nan, wurin karatun yaƙi da jahilci, wani ɗalibina ya tambaye ni abin da ke sa mashayi kwana da ciwon kai. Ga amsa.

Giya ko burkutu, duk wadda aka sha, jini ke kai ta hanta. Hanta na aiki biyu. Da farko ta mai da giyar wani dafi, likitoci na ce mishi asetaldehid. Sannan ta mai da dafin wani abu mai kama da ruwan tsami, wanda jiki ke ƙonewa ba wahala.

Ku dubi hanyar ruwa ta garaken Jiratawa. In aka sako ruwa fiye da ƙarfinta, sai ya ɓalle ya kashe shuka. Haka hanta take. Cikin awa guda, kamar ƙaramar kwalba ɗaya take iya gamawa da ita. In aka ƙara, dafin ya taru cikin jini. Yana cikin abubuwan da ke kawo ciwon kai, amai, zufa da bugun zuciya. Shayi, goro ko wanka ba su sa hanta sauri.

Ciwon safe na wucewa, amma wata ɓarnar ciki ba ta wucewa. A 2009, masu binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya, a birnin Liyon na Faransa, sun sa wannan dafi cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansa, musamman ta maƙogwaro. Akwai shi kuma cikin hayaƙin taba. Hukumar ta ce giya ta kashe mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya cikin 2019.

Wanda ke da ciwon hanta, kada ya kusanci giya ko kaɗan. In idonka ya yi ɗorawa, ko cikinka ya kumbura, kada ka tsaya jiƙo, tafi asibitin Maradi a auna jininka.

Hanta ɗaya gare ka, ba a kuwa sayen ta a kasuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya.