Agogon Hannu Na Auna Damuwar Yau, Gashin Kai Na Adana Ta Wata Uku

Agogunan zamani irin su Garmin da Galaxy Watch na Samsung suna nuna wa mai su lambar da suke kira ma'aunin damuwa. A Garmin lambar tana tashi daga 0 zuwa 100. Sai dai agogon ba ya ganin damuwar kanta. Tazarar da ke tsakanin bugun zuciya ɗaya da na gaba yake lissafawa, daga nan manhaja ta yi hasashe. Shi ya sa zazzaɓi ko shan kofi ke iya ɗaga lambar alhali hankalin mutum kwance yake.

Masu bincike sun fi mai da hankali kan kotisol, sinadarin da wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda ke fitarwa idan jiki ya shiga matsi. Matsalarsa ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Yana hawa sosai da safe, kamar rabin awa bayan an farka, ya yi ta sauka har dare. Gwajin jini ko na miyau yana nuna matakinsa na wannan lokacin ne kawai, kuma tsoron allura ma kan ɗaga shi.

Gashi ya warware wannan. Yayin da silin gashi ke tsirowa, kotisol ɗin da ke yawo a jini yana shiga cikinsa ya maƙale. Gashin kai na ƙaruwa da kimanin sentimita 1 a wata, don haka sentimita 3 da ke kusa da fata suna ɗauke da tarihin wata uku. Ana yanke ɗan tufka daga saman ƙeya, dab da fata, a wanke, a niƙa, a jiƙa a sinadarin methanol, sannan na'ura ta auna abin da ya fito. Ba a buƙatar firiji, ana ma iya aika shi cikin ambulan.

Masana a Strasbourg ta Faransa ne suka nuna a 2004 cewa ana iya gano kotisol a gashin ɗan'adam. A 2009 tawagar Clemens Kirschbaum a Dresden ta Jamus ta auna gashin masu jego, ta tarar ɓangaren da ya tsiro a watannin ƙarshe na ciki ya fi yawan kotisol, daidai da abin da aka riga aka sani daga gwajin jini. Wani bincike na masanan Kanada da Isra'ila ya kwatanta maza 56 da suka kamu da ciwon zuciya na farat ɗaya da wasu 56 da aka kwantar saboda wata cutar daban. Gashin rukunin farko ya nuna kotisol ɗinsu ya riga ya hau watanni kafin ciwon ya bayyana.

Abin mamaki, wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya gano cewa masu fama da matsin da bai ƙare ba suna da kotisol sama da na saura da kusan kashi 43 cikin 100, amma sakamakon bai cika dacewa da abin da mutane ke faɗa da bakinsu ba. Wani zai ce lafiya lau yake, gashinsa ya nuna akasin haka.

Gwajin na da nasa raunin, kuma wasu sun shafi 'yan Afirka kai tsaye. Lissafin sentimita 1 a wata ya fi dacewa da gashin Turawa, na baƙar fata kuwa yana tsirowa a hankali, kusan sentimita 0.8, don haka kalandar sai an gyara ta. Rini, man miƙar da gashi da yawan wanki na iya rage adadin. Man shafawa mai ɗauke da hydrocortisone kuwa na iya ƙara shi, domin kotisol ne da kansa, kuma ana samun dangoginsa a wasu mayukan bilicin. Mai askin tal-kwabo duk mako ba shi ma da abin da za a yanka.

Har yanzu aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, babu waya ko agogon da ke yin sa, kuma ba a amince da lamba guda da za a ce daga nan damuwa ta yi yawa ba.